Tumakin da Ba Su da Makiyayi

Abin da ya fara tayar mini da hankali a ƙauyen nan na Ingila shiru ne. Mijin Yaya ya ɗauko ni daga filin jirgi, muka yi ta tafiya har benaye suka ƙare, hanya ta tsuke tsakanin shingaye biyu na ganye, sannan muka gangara cikin wani ɗan gari na gidajen dutse. Rana tsaka ce. Babu yaro ko ɗaya a waje, babu mai talla, babu tsoho a gindin icce, ba a jin daka. Ƙofofi duk a rufe. A kan tudun da ke bayan garin kuwa ga tumaki farare birjik. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga makiyayi ba.

Na ƙanƙame kujera da hannu biyu. Mijin Yaya ma'aikacin jinya ne a wani gidan kula da tsofaffi, amma mu a gida Likita muke ce masa. Na ce, "Likita, mi ya samu garin ga? Ina mutane suka tahi?"

Ya fashe da dariya. "Ƴar Buza ta zo birni! Suna ciki, suna shan shayi. Haka suke, ko biki suke yi ba ki jin su."

Da ya waiwayo ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

Dole in faɗi dalili. Shekarar da ta gabaci wannan tafiya ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Madawa, na je hutu wurin gwaggona a wajen Bangi. Ranar kasuwa muka shiga mota za mu koma. Tun kafin mu ga kowa, na hangi garken tumaki da awaki a bakin hanya sun watse, ga gorar mai kiwon a yashe, shi babu shi. Tsohuwar da ke kusa da ni ta fara salati. Sai ƙarar moto, wato babur, ta ko'ina. Aka fito da mu, aka ce mu kwanta rub da ciki. Ban ga fuskar kowa ba. Abin da na gani ƙasa ce, da ƙafafun tumaki suna wucewa ta gaban idona. Suka kwashe abin da za su kwashe suka tafi. Babu wanda ya taɓa ni. Na sha faɗa wa kaina haka, jikina ne dai bai yarda ba.

Na koma ƙauyenmu kusa da Karofane a ƙasar Buza, ban ƙara fita ba. Ko zaure ba na wucewa. Rijiya ma sai dai a ɗebo mini. Aka yi jarrabawar bak, ta gama lise, babu ni. Na sha rubutu har na gaji, Baba ya yi addu'a, gwaggonni suka yi faɗa, duk ina zaune a bayan rumbu ina tsintar wake.

Ana haka Yaya ta haihu a Ingila. Inna ta ce ita kam ba ta shiga jirgi, Auta za ta je, wato ni. Ranar tafiya ta ɗaure mini kanwa da garin gero da citta da busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, ta riƙe haɓata ta ce, "Ki tahi ki yi ma yayarki jego. Ke kuma ki nemo ƙafafunki inda kika yar da su, don in kin dawo lakwal za ki koma, ki ƙare karatunki." Baba ne ya raka ni har Yamai. Tun daga ƙofar gida har can kaina yana cikin hijabi, idona a rufe.

To ga ni a garin da ya yi kama da wanda aka gudu aka bari.

Cikin gida dai na ji daɗi. Gidan ɗan ƙarami ne, ƙofarsa sai Likita ya sunkuya, katakon bene yana kuka in an taka. Jaririyar kuwa kamar an tsaga Inna an cire ta, har da ɗaure fuskar. Yaya ta yi ƙiba, ta koyi magana a hankali kamar mutanen wurin, amma da na dama mata kunun kanwa ta kurɓa sai ta fashe da kuka ta ce ƙamshin ɗakin Inna ta ji. Wankan jego ne ya zame mana aiki. Babu murhu, babu ƙatuwar tukunya, sai butar lantarki da nake ta cikawa ina juyewa a baho. Ran farko na tafasa ganyen bedi a tukunyar miya, tururi ya cika gidan, wani abu da ke manne a rufi ya kama ihu. Na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur. Yaya tana ɗaure da tawul tana dukan abin da tsintsiya, sai ga ƙwanƙwasa ƙofa.

Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa mai farin gashi gajere, mijinta ya rasu, ita kaɗai a gidanta. Ta zo ta ga ko gobara ce. Da ta ji daga inda na fito sai ta juya harshe zuwa Faransancin da ta koya a makaranta tun tana budurwa. Tana yin sa a hankali, kamar mai tafiya ba takalmi a kan tsakuwa, ni kuma Ingilishina na lakwal bai fi nata Faransancin ba. Muka fahimci juna. Daga ranar muke ce mata Kaka. Ta shinshina ganyen bedin ta ce a ba ta kaɗan don gwiwoyinta.

Ita ce ta matsa a fita da ni. Ta ce mutane suna tahowa daga nesa don ganin abin da ke bayan gidanmu, ni kuma ina zaune a taga. Wata Lahadi da Likita ba ya aiki suka sa ni tsakiya, Yaya ta zauna da jaririya don ba ta yi arba'in ba.

Muka fara da cocin garin. Abin da ban taɓa zato ba, makabarta ce ta kewaye shi, a tsakiyar gari, ga gidajen mutane suna kallon kaburbura ta taga. Na ja na tsaya a ƙofa. Na ce wa Likita mu mata ba mu shiga makabarta, ya sani.

Ya ce, "Nan hanya ce, ranki shi daɗe. Ko burodi za ki saye, ta nan ake bi."

Na shiga ina addu'a, ina taka duwatsun hanyar kawai. Kaka ta nuna mini kabarin mijinta, ta sunkuya ta cire ƴar ciyawa, ta ce masa ga baƙuwa daga Afirka, kamar yana zaune a tabarma. Akwai wani icce a gefe, baƙi-ƙirin, cikinsa ya rarake har mutum uku za su tsaya, ta ce ya girmi cocin. A ciki kuma sanyi, da ƙamshi irin na sabuwar randa. Wani mutum na dutse yana kwance a kan akwatin dutse, hannuwa a ƙirji, karensa a ƙafafunsa, hancinsa ya gutsure. Likita ya ce sarkin yaƙin garin ne a da. Na ce ko shi ma bai tsira da hancinsa ba. Kaka ta sa aka fassara mata, ta yi dariya har muryarta ta amsa a rufi.

Daga nan muka bi wata ƴar hanya ta cikin gonaki muka gangara kwari. Ina riƙe da hannun Kaka gam. Da muka sha kwana sai ga shi: gini mai tsawon da ban taɓa gani ba, babu rufi, tagogi a wangale, bango ya zube ta gefe ɗaya.

Na ce, "Su wa suka ƙone shi?"

Likita ya ce ba yanzu ba ne. Wasu masu ibada ne da suka keɓe kansu suka gina shi, suna salla irin tasu suna kiwon tumaki, har wani sarki ya yi rigima da su ya kore su, aka yaye rufin. Daga baya mutanen gari suka riƙa kwasar duwatsun suna gina gidajensu. Ya ce, "Har ɗakin da kike kwana akwai dutsen wurin ga."

Kufai ne ke nan. Mu ma muna da kufai a kan dutsen da ke saman ƙauyenmu, inda kakanninmu suka zauna lokacin yaƙe-yaƙe. Babu abin da ya rage sai tarin duwatsu da fasassun tukwane, kuma babu mai zuwa, an ce akwai masu wurin. Nan kuwa an aske ciyawar kufan kamar kan ango, iyali sun shimfiɗa mayafi suna cin abinci inda a da ake ibada, wata yarinya tana wasan ɓuya a bayan ginshiƙi. Har na fara sakin hannun Kaka. Sai wani moto ya wuce a titin sama. Kafin in san abin da nake yi na durƙusa a bayan bango, hannuna a ka. Mutane suka kawar da ido, don haka suke nuna kunya. Likita bai ƙara tsokanata ba har gida.

Na koma taga. Daga ɗakin bene ana ganin tudun duka, ina jijjiga jaririya ina kallon tumaki har na san su. Akwai gurguwa, akwai mai baƙar fuska da ƴan biyunta, akwai wata mai son hawa bango. Maimakon tsaga kunne, shuɗin fenti aka shafa musu a baya. Kullum ina neman mai kiwonsu, kullum babu. A gindin tudun kuma akwai wata gona kore shar, layi-layi, ta kai tsawon tafin hannu, irin alkamar da ake yi a fadama da rani. Ina yaba mai ita a raina, don ko ciyawa ɗaya ba ta fito masa a ciki ba.

Wata safiya da hantsi, Likita ya tafi aiki, Yaya ta yi wanka ta sha kunu barci ya kwashe ta. Na leƙa taga sai na ga ƙofar da ke tsakanin tudun da gonar a buɗe, tumaki suna kwarara ciki.

A wurinmu yarinya ko ba ta iya ɗaura zane ba, in ta ga dabba a gona ba ta tambayar ta wa ce. Na san abin da ke biyo baya. Na ga shekarar da shanu suka shiga geron Baba, na ga maza da sanduna a ƙofar mai gari, na ga maƙwabtan da suka yi damina biyu ba su gaisa ba. Ban yi tunani ba sam. Na kwantar da jaririya a gefen uwarta, na zura takalman robar Likita, na fizgi sandar goge daɓe, na fita.

Sai daga baya na tuna ta tsakiyar kaburbura na keta, ko addu'a ban yi ba. Na haye ɗan tsanin katakon da ke jikin shinge, na faɗa gonar ina ɗaga sanda ina "Kai! Kai! Ku fita!" Tumakin Ingila ba su san Hausa ba amma sun san sanda. Sai dai ba irin namu ba ne. Namu in ka juya ta gaba, saura na biye. Waɗannan dunƙulewa suka yi kamar auduga, suka yi gefe guda a guje. Na zagaye su, takalma suna fita daga ƙafata, hijabi yana kama iska, har na tura su ƙofa. Na ji daɗi ƙwarai. Amma maimakon su hau tudu, mai son hawa bangon nan ta karkata ta bi ƴar hanyar kwari, yawancinsu suka bi ta. Ina gani suka shige kufai ta babbar ƙofa, inda wasu tsofaffin baƙi suka taru ana yi musu bayani.

Ina tsaye ina haki sai na ji ƙarar injin a bayana, tana matsowa.

Na kwanta rub da ciki. Babu wanda ya ce in kwanta. Goshina a ƙasa, sanda a gefe, ga ƙafafun sauran tumakin suna wucewa ta gaban idona, daidai da wancan karon. Na jira muryar da za ta ce kada kowa ya motsa. Abin da na lura da shi, ƙasar a jiƙe take, tana ƙamshin ɗanyen ganye, ba ta shiga mini hanci. Injin ya mutu. Sai wani abu mai sanyi ya taɓa mini kunne, yana shinshina.

Kare ne, baƙi da fari. Na ɗago. A kan wani moto mai ƙafa huɗu ga wata mata ƙatuwa, kumatu jajir, rigar sanyinta ta yage a kafaɗa, da ɗan rago a cikin kwali a bayanta. Ta sauko ta tsuguna nesa kaɗan, tana magana da sauri, ban kama komai ba sai dai na gane tambaya take ko na ji ciwo. Na tashi zaune. Na nuna gonar, na ce mata da Faransanci tumaki sun shiga alkama, na kore su.

Allah ya kawo Kaka. Ashe tana wurin kabarin mijinta na wuce ta a guje, ta biyo ni da sandarta tana nishi. Suka yi magana da matar. Kaka ta dube ni, bakinta yana rawa don danne dariya.

Ta ce, "Ƴata, ba alkama ba ce. Ciyawa ce."

Na ce ciyawa ba ta fitowa layi-layi.

Ta ce, "Ita ta shuka ta. Don tumakin. Gonar tata ce, tumakin nata ne, ita ta buɗe musu ƙofar da safen nan."

Na dubi gonar, na dubi matar. Na ce, "Shuka ta aka yi? Ciyawar?"

Matar ta fara dariya, Kaka ta kama, ni ma ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba. Ina dariya hawaye suna zuba, duka a tare. Matar ta sa aka gaya mini karenta bai taɓa kwashe gonar nan da sauri haka ba, in ina neman aiki in zo. Ta yi fito sau biyu, karen ya tafi kamar an harba shi, ya fito da tumakin daga kufai ɗaya bayan ɗaya, baƙin nan suna ta ɗaukar hoto. Ni aka tsayar a bakin hanyar kwari da sandar goge daɓe don kada su sake karkata. Na mayar da su cikin gonar da na kore su daga ciki, ina kallo suna cin abin da har yanzu idona ke ce mini alkama ce.

Matar ta nuna mini bayan motonta, wai ta kai ni gida. Na ce a'a, na gode. Kaka ta ce to mu tafi tare. Na juya na hangi rufin gidanmu can sama, ɗan mitsitsi a bayan coci, sai a lokacin na ga nisan da na yi. Na ce wa Kaka ta yi gaba, zan zo.

Na shiga kufan ni kaɗai. Baƙin sun tafi shan shayi. Wancan karon ban ga komai ba sai ɓarna, yanzu na ga tsuntsaye sun yi sheƙa a saman babbar taga, gajimare yana wucewa ta cikinta. A can sama jikin ginshiƙi wani ya sassaƙa ƴar fuska tana gwalo, ban san ko shugaban masu ibadar ya taɓa ɗaga kai ya gan ta ba. Na dafa dutsen, akwai ɗumin rana a jikinsa. Ga kashin tumaki sabo a inda suke ibada. Na zauna har numfashina ya daidaita, sannan na kama hanya. Wannan karon na zagaye makabartar ta titi.

Yaya tana ƙofa da jaririya a kafaɗa, ido jajir. "Ke Auta, ina kika shiga? Na duba har ƙarƙashin gado!" Sai ta ga takalman da laka har gwiwa. Ta ce, "Ke ɗai kika tahi?"

Na ce, "Ni ɗai."

Ba ta bari na cire takalman ba ta kira gida. Inna ta saurari labarin duka, sannan ta ce, "To. A gaida tumakin." Baba ya karɓi wayar. Shi abu ɗaya ya dame shi. "Ciyawa suka shuka da hannunsu? Ruwa ya yi musu yawa, shi ke nan." Likita kuwa da ya dawo sai ya cire hula ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Sarkin Noman Ingila." Har na baro ƙasar da sunan yake kirana.

Bayan nan kusan kullum ina fita in Yaya ta kwanta. Na sayo burodi. Na kai wa Kaka ganyen bedi. Na hau har ƙolin tudun, inda akwai tsohuwar ganuwa ta ƙasa da ciyawa ta rufe, ta mutanen da suka riga masu kufan da nisa. Su ma kan tudu suka gudu, kamar namu. Daga can ana ganin garin duka, shiru, ƙofofi a rufe, hayaƙi yana fita daga rufi biyu ko uku. In mai tumakin ta wuce a motonta takan kashe injin tun daga nesa ta ɗaga mini hannu. Ban taɓa roƙonta ba.

Ba zan ce na warke ba. Yanzu ina Madawa, ina maimaita ajin da na bari, kuma garin cike yake da moto. Wani lokaci a tsakiyar darasi alƙalami yakan faɗi daga hannuna. Amma ranar komawa lakwal, da Baba ya ɗauko hularsa zai raka ni, na ce masa ya zauna, tasha kawai zai kai ni. Na zaɓi kujerar taga. Duk garken da muka wuce sai na nemo mai shi, in na gan shi in ja numfashi. Bayan mun wuce Buza muka tarar da wasu tumaki a bakin hanya su kaɗai. Hannuna ya kai ga hijabi zan ja shi kan fuskata. Na riƙe shi a nan, na ci gaba da dubawa. Can na hango shi, wani dattijo a gindin aduwa, malfa a fuska, yana barcinsa. Motar ta wuce, idona a buɗe.